Babur Ɗinsa Ba Ya Hauka Sai A Ƙofar Gidanmu

Jama'a, kafin wata ta rubuto min "ke kam ba ki da aji" a ƙarƙashin labarin nan, ta yi haƙuri ta bari in kai ƙarshe. Eh, na fita titi da gudu ranar da saurayina ya zo gaban mahaifina. Eh, takalmi ƙafa ɗaya ne a ƙafata. Ban musa ba. Amma ku ji yadda aka yi tukuna, in ya so ku zage ni da hujja.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da huɗu, Babana kuma bakanike ne. Ya fi shekara talatin yana gyaran babura kafin idonsa ya yi rauni ya rufe gareji. Yanzu in ka tsaya gabansa inuwarka kawai yake gani. Amma kunne? Babur zai wuce ta bayan layi, Baba yana shan shayi ya ce, "Wannan fulogi ɗinsa ya kusa mutuwa," ya ci gaba da kurɓar abinsa.

Mu biyu ne a wurinsa, ni da Yayata, ita kuwa ko warin fetur ta ji sai ciwon kai ya kwantar da ita. Saboda haka ni na tashi a garejin. Ina 'yar shekara tara ina bambance sifana goma da sha biyu ido a rufe. Ina sha huɗu na kwance kabureta, na wanke, na mayar, ko ƙusa ɗaya ba ta yi saura ba. Baba ya ɗaga ta sama yana nuna wa masu wucewa, har da waɗanda ba su tambaya ba.

Wannan baiwar ce ta kore min samari biyu. Na farko da mota ya zo, shi da abokansa. Na ji belin injin yana kuka, na ce ya buɗe gaban motar, na nuna masa a gabansu. Tun daga ranar ko gaisuwa. Na biyu yana tsaka da rantse min cewa in babu ni mutuwa zai yi, ni kuma idona na kan sarƙar babur ɗinsa da ta saki har tana shafar ƙasa. Na tsuguna na ɗaure masa. Ya tafi da sarƙa lafiya lau, kuma yana nan da ransa har gobe, 'ya'yansa biyu.

Ranar Mama ta zaunar da ni a bakin gado, ta rufe ƙofa.

"Auta, daga yau ke ba ki san komai ba. Kina ji na? In an ce miki kabureta, ki ce a wace unguwa take."

"Mama..."

"Ki rufe min baki. Namiji ba ya son macen da ta fi shi sanin abin hawansa. Ki rantse."

Na rantse. Shekara uku ke nan. Kowace safiya sai ta duba farcena kafin ta amsa gaisuwata, man shafa hannu kuwa kala huɗu ne a kan madubina.

To shi ma Baba yana da tasa dokar. Shi in saurayi ya zo neman 'yarsa, ba ya tambayar aiki, ba ya tambayar dangi. Kujera yake sa a fitar masa ƙofar gida, a kawo shayi, ya ce saurayin ya bar injinsa a kunne. Silo yake saurara, wato kukan da inji yake yi yana tsaye ba a murɗa masa totur ba. In silo ya zauna daidai har ya shanye kofinsa, to a turo manya. In yana hawa yana sauka, Baba zai ce, "Mutumin da bai san halin abin da yake hawa kullum ba, ba zai san halin 'yata ba." Mijin Yaya sau biyu aka mayar da shi, sai da ya canza kabureta gaba ɗaya. Amma ni Baba ya ce sau ɗaya ne, ya tsufa, ba shi da ƙarfin zaman kujera.

Yanzu bari in gaya muku wanda nake so. Mai Agogo nake ce masa, don gyaran agogo yake yi a wani ɗan shago na gilashi a bakin kasuwa. Agogon bangon falonmu na kai masa, ya ɗago ido da wani ɗan madubi a maƙale a tabarau ɗinsa, ya ce, "Me aka yi mata?" Mata fa! Kamar wata 'yar'uwarsa aka dake. Siriri ne, rigarsa a ɓalle har wuya, agogo biyu a hannu ɗaya, ɗaya nasa ɗaya na mai gyara yana gwadawa. In ya yi karo da kujera sai ya ba ta haƙuri. Ni da nake da baki kamar rediyo, ban taɓa samun wanda yake saurarena har in gama ba sai shi. Ina son sa, jama'a. Ba zan yi muku kwana-kwana ba, ina son sa har cikin raina.

Babur ɗinsa na marigayi mahaifinsa ne, ya girme ni da shekara biyu. Ja ne a dā, yanzu ya koma kalar shayi da madara. Kullum a goge yake tas, ko ƙura ba ta kwana a kai. Matsalar ɗaya ce. Duk ranar da zai zo gidanmu, ƙarfe huɗu da rabi daidai, zan ji shi tun daga kwanar layi yana tafe a hankali, tu-tu-tu-tu, abin sha'awa. Da ya iso ƙofar gida sai injin ya ɗauki ihu, WUUUUU, kamar an taka wa akuya wutsiya. Kajin maƙwabta su watse. Sai ka ji ƙit, ya kashe da makulli.

Ba kuma kullum ba. Wata rana ya yi ihun, wata rana ya ɗan haura kawai ya sauko, wata rana shiru kamar ba shi ba.

Ni duk wannan da kunne nake ji, don wata dokar Mama ita ce yarinya ba ta leƙen saurayi ta taga. In ya iso sai in zauna a ɗakinta minti goma cif, tana duba min ɗaurin ɗankwali, kafin in fita. In na fito babur ɗin yana jingine shiru, shi kuma yana tsaye yana share gumi.

Ranar wata Lahadi Baba ya ajiye kofinsa ya ce, "Auta, mai babur ɗin nan da ke mana ihu a ƙofa, da gaske yake ko wasa?"

Na sunkuyar da kai. "Da gaske yake, Baba."

"To Asabar ta sama ya zo. Ya bar min shi a kunne."

Kwana goma sha uku! Na shige ɗaki na tura masa saƙo. Ya amsa da hoton 'yar fuskar nan mai kuka guda bakwai, sannan ya rubuto:

"Na kai shi gareji uku. A gabansu lafiya lau yake yi. Na ukun ma cewa ya yi ko ni ne ba ni da lafiya."

Yatsuna har ƙaiƙayi suke yi. Na rubuta tambaya biyar a jere, na tuna rantsuwata, na goge. Na ciji leɓe na yi tunani. Sai shaiɗan ya kawo min dabara, ni kuma na karɓa hannu bibbiyu.

"Akwai wani bakanike da na sani," na rubuta. "Gwani ne, amma ba ya son a gan shi. Ka riƙa turo min bayani ina tura masa."

"Wane ne?"

"Wani ne kawai. A garejin Baba ya koyi aiki."

Ku duba fa, ban yi ƙarya ba. To, kaɗan.

Daga nan soyayyarmu ta koma wani abu daban. Sauran 'yan mata ana turo musu saƙon murya ana ce musu hasken idaniya, ni kuwa sai in buɗe saƙo in ji "tu-tu-tu-tu" na minti uku. In kwanta a gado da rana, in manna wayar a kunne, in lumshe ido. Rannan Mama ta shigo da kayan guga ta same ni a haka ina murmushi.

"Me yake ce miki haka?"

"Sirri ne, Mama."

Ta yi dariyar jin daɗi ta fita. Da ta san murmushin na jin yadda fistin yake bugawa ne, tsoho amma da lafiyarsa, da da dutsen gugar za ta bi ni.

Na fara da abu mai sauƙi. "Bakanike ya ce ka duba cok, ko yana maƙalewa a ja." Ya turo hoto, cok a rufe. "Bakanike ya ce ka murɗa totur ka saki, ka ji ko yana komawa da kansa." Ya turo bidiyo, yana komawa ƙat. "Bakanike ya ce ko ka taɓa wayar totur?" Ya ce wallahi shi bai taɓa komai na inji ba, tsoronsa ma yake ji.

Sai na ce to iska ce take shiga ta inda bai kamata ba. Akwai wata roba da ta haɗa kabureta da inji. In ta tsufa ta tsage, iska ta riƙa kutsawa, silo sai ya yi ta hawa, musamman in inji ya ɗauki zafi. Daga shagonsa zuwa gidanmu kuwa tafiyar minti ashirin ce, zafi ya samu. Na ce shi ke nan, na kama ɓarawo. Na tura masa: "Bakanike ya ce in inji ya yi zafi, ka bar shi a kunne ka fesa ruwa kaɗan a jikin robar. In kukan ya canza, a tsage take."

Washegari ya iso gidanmu, tun daga falo nake jin ƙamshi. Na fito na ga babur yana tashin turare kamar ango.

"Me ka yi masa?"

"Ba ni da abin fesa ruwa, sai kwalbar turarena."

"Turare! A jikin inji mai zafi! Kana so ka ƙone ne?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ya aka yi kika san yana ƙonewa?"

"Ba... bakanike ne ya taɓa faɗa."

Ya duba agogonsa na sama, ya duba na ƙasa. Robar dai lafiyarta ƙalau, kukan bai canza ba.

Kwana na shida na ce ya rage ƙusar silo da rabin juyi. Mutumin da ya saba da ƙusoshin agogo, rabin juyi bai yi masa kama da aiki ba, ya yi juyi biyu da rabi. Ranar babur ya mutu masa sau tara a hanya, sau ɗaya a tsakiyar mahaɗar titi, direbobi suna ta masa addu'o'in da ba na alheri ba. Ya iso ƙarfe biyar saura kwata, karo na farko a tarihi da ya makara. Kuma da ya kawo ƙofar gidanmu? WUUUUU. Na ji Baba daga ɗakinsa ya ce, "Hmm." Wannan "hmm" ɗin ya hana ni cin abincin rana washegari.

Na sa ya mayar da ƙusar. Na sa ya kai aka wanke kabureta. Na sa aka canza fulogi, aka duba matatar iska. Duk a banza.

Shi kuma a nasa ɓangaren ashe bincike yake yi irin na masu agogo. Kwana na goma ya turo min hoton takarda, ya ja layi da rula, ya rubuta duk lokacin da babur ya yi ihu. Talata, huɗu da minti talatin. Alhamis, huɗu da talatin da ɗaya. Litinin, huɗu da talatin. Na ranar da ya makara bai sa a lissafi ba. A ƙasa ya rubuta da jan biro:

"Ki gaya wa bakanike na gano. Ciwon na lokaci ne. Ƙarfe huɗu da rabi yake tashi. Jiya na tsaya a bakin shago na kunna shi huɗu da rabi daidai don in kama shi, amma ya gane ina kallonsa, bai yi ba."

Na yi dariya har na faɗo daga gado. Daga baya dariyar ta tsaya, don saura kwana uku, kuma ni da nake taƙama da sha huɗu na kwance kabureta, ban fi shi sanin komai ba.

Wani abu kuma ya fara damuna. Saƙonninsa sun gajarce. Dā "barka da safiya" ɗinsa layi huɗu ne, yanzu ya koma "barka." Ran Alhamis ya rubuto:

"Bakaniken nan, kullum kuna magana?"

"Kullum," na ce, hankalina na kan matatar iska.

"Yana amsa miki da wuri, na lura. Ko minti ɗaya ba ya yi."

"Ai ba ya nisa da ni."

Ya karanta. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta ɓace. Ƙarshe ya turo "To." Ni kuwa uwar wayo ban fahimci komai ba, na ce gajiya ce.

Asabar ta zo. Tun ƙarfe biyu Mama ta tsare ni a ɗakinta. Doguwar riga ruwan zuma mai duwatsu a hannu, wadda ta ɓoye a ƙasan akwati tun bara. Mayafi mai santsi da ba ya zama a kafaɗa sai da fil uku. Takalmi mai tsini wanda in na taka sai na riƙe bango. Ta shafa min mai a hannu sau biyu, ta ɗaga su tana kallo.

"Kin ga hannun mace. Yau ko ƙofa kar ki buɗe da kanki."

Ƙarfe huɗu da kwata aka fitar wa Baba kujerarsa da ɗan teburi. Mama ta tafi kicin haɗo shayi. Ni kaɗai a ɗaki. Huɗu da ashirin da tara na jiyo shi daga kwana, tu-tu-tu-tu. Na dubi ƙofa, na dubi labule. Na ce Allah na tuba, na ɗaga labulen.

Karo na farko ke nan da na ga isowarsa da idona.

Ƙofar gidanmu akwai kwata a gaba, an ɗora mata wani siririn siminti na tsallakawa. Maƙwabcinmu kuma yana da wata tsohuwar mota da yake ajiyewa dab da wurin, wata rana ya matso da ita sosai, wata rana ya ja baya, wata rana ya fita da ita. Yau tana nan, ta kusa rufe hanyar. Mai Agogo ya rage gudu, ya sauke ƙafafu, ya karya kan babur ɗin hagu har ƙarshe don ya kutsa tsakanin motar da kwatar.

WUUUUUUU!

Kan babur! Innalillahi, kan babur ne! Yana karya shi hagu wayar totur take jan kanta. A bakin shagonsa a miƙe yake tsayawa, a gareji a miƙe, duk bidiyon da ya turo min a miƙe. Ranar da motar maƙwabci ba ta nan a miƙe yake shigowa, shi ya sa ake samun shiru. Tambaya ɗaya ce tak da ko ɗan koyo zai yi, ni kuma girman kai ya kai ni can cikin kabureta ina neman abin da ke waje.

Hannunsa ya tafi kan makulli. Baba ya ɗaga yatsa.

"Kar ka kashe. A kunne na ce."

Injin yana ta kururuwa. Mai Agogo yana zaune a kai ya ƙanƙame kan babur ɗin a karye, don tsoro ko motsi ya kasa. Maƙwabta sun fara leƙowa. Mama ta fito da tire, ta zuba shayi. Baba ya ɗauki kofi, ya kurɓa sau ɗaya, ya girgiza kai. Na san girgizar nan. Ita ce ta mayar da mijin Yaya gida.

Jama'a, ku gaya min me za ku yi. In na zauna, Baba zai ce a'a, kuma a'arsa ba ta da gyara. In na fita, Mai Agogo zai san ko ni wace ce, ya bi sahun biyun farko. Ta ko'ina rasa shi zan yi. Sai na ce in dai rasawar ce, gara in rasa shi babur ɗinsa na lafiya.

Ban san lokacin da na tsallake falo ba. Takalmi ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa, mayafi ya kama ƙusar ƙofar gida ya zauna can da fil ɗinsa uku. Mama ta ce, "Auta! Auta, rantsuwarki!" Na wuce ta ina ɗingishi.

"Sake shi!" na daka masa tsawa.

Ya saki. Na kama kan babur na miƙar da shi. Ihun ya faɗo nan take, tu-tu-tu-tu. Na sake karya shi hagu, WUUU. Na miƙar, tu-tu-tu.

Na tsuguna da rigar ruwan zumata a bakin kwata, na bi wayar totur da yatsa daga hannu zuwa ƙarƙashin tanki. Can na taɓo wani abu mai laushi. Na leƙa. Maɗaurin agogo ne na fata, baƙi, mai kyau, an zagaye wayar da shi an ɗaure ta tam a jikin ƙarfen babur, har an sa ɗan harshen a rami na ƙarshe.

Na ɗago kai. "Wannan maɗaurin agogon fa?"

Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa. "Wayar ce take lilo, tana goge fentin tanki. Ba kyan gani. Na ɗan gyara mata zama."

"Na tambaye ka ko ka taɓa wayar totur!"

"Ai ban san ita ce ba. Kuma ba gyara na yi ba, kintsawa ce."

Na kwance maɗaurin, na saki wayar ta samu sararinta. Na karya kan babur hagu har ƙarshe, dama har ƙarshe, kukan bai motsa ba. Silon ya ɗan yi ƙasa, na zura hannu ta gefen inji na ƙara ƙusar da farcena, farcen da Mama ta yi shekara uku tana reno, ya karye. Tu-tu-tu-tu-tu. Daidai, kamar numfashin jariri mai barci.

Sai a lokacin hankalina ya dawo jikina. Hannuna baƙi ƙirin har wuyan hannu. Duwatsun hannun riga sun zube rabi. Mama ta dafe ƙirji da tire. Mai Agogo yana kallona baki buɗe.

"Kika ce *na* tambaye ka," ya ce a hankali. "Ke ce bakaniken?"

Na kasa kallonsa. "Ni ce."

Ya sauko daga babur, ya kafe shi, ya zauna daɓas a kan simintin kwata da fararen kayansa. Ya cire tabarau ya rufe fuska da hannu biyu. Kafaɗunsa suka fara rawa. Na ce shi ke nan, na uku ya tafi. Hawaye suka cika min ido, ba halin in share, hannu duk baƙin mai.

Ashe dariya yake yi, da hawaye a haɗe. Ya zura hannu a aljihu ya zaro takarda a ninke huɗu.

"Kin san mene ne wannan? Jawabi ne. Kwana uku ina rubutawa. Na ce in babur ya kunyata ni yau, zan karanta wa Baba." Ya buɗe ya fara karantawa. "'Baba, na janye. Akwai wanda ya fi ni cancanta, ɗan garejinka ne, ya san inji, kuma ba ya nisa da ita. Ina roƙon a ba shi, ya riƙe ta amana.'" Ya ɗago jajayen idanu. "Sati biyu ba na iya cin abinci saboda mutumin nan. Har addu'a na yi Allah ya sa mummuna ne."

Wata maƙwabciya ta fashe da dariya ta bayan katanga. Ni kuwa ban yi dariya ba. Ɓoyon da aka ce shi zai riƙe min shi, shi ya kusa sa ya miƙa ni kyauta ga mutumin da babu shi.

Baba kuwa yana nan kan kujerarsa. Ya kurɓi shayinsa, ya kurɓa, har ya kai ƙasan kofi. Ya ajiye.

"Auta, zo nan. Ba ni hannunki."

Na matsa da ɗingishi na miƙa masa. Ya riƙe, ya shafa tafin da babban yatsansa, ya taɓo farcen da ya karye. Ya kai hannun hancinsa ya shaƙa, ya daɗe bai saki ba. Na ga gemunsa yana rawa.

"Shekara uku," ya ce, "ana miƙo min hannu mai ƙamshin fure ana cewa na 'yata ne." Ya juya fuskarsa wajen da yake jin numfashin Mai Agogo. "Kai, mai maɗauri. Ka faɗi jarrabawata, ka sani?"

"Na sani, Baba."

"Ba ka san komai a inji ba."

"Ko kaɗan, Baba."

Baba ya ɗaga hannuna sama, baƙin mai yana gangarowa cikin hannun riga. "To wannan nake da shi. Ba ni da wani. Ka dube shi da kyau, don ni ba na gani. A haka kake so?"

Mai Agogo ya miƙe, ya mayar da tabarau, ya dubi hannun kamar yadda ya dubi agogon falonmu ranar farko. Ya duƙa har ƙasa.

"Baba, a haka nake so. In an wanke ma a bar min kaɗan."

"To ka turo manyanka."

Mama ta ja hanci, ta goge ido da gefen mayafinta, ta harare ni, ta harari rigar, ta harari Baba. Ta rasa wanda za ta fara da shi, sai ta juya kan babur.

"To ai sai a kashe abin nan haka, fetur yana ta ƙonewa a banza."

Mai Agogo ya kai hannu kan makulli. Baba ya jingina da kujera, ya lumshe ido, har yanzu hannuna na cikin nasa.

"A'a," ya ce. "A bar shi tukuna. 'Yata ce ta saita shi, bari in ƙara ji."